Daga Igwar Tanimu Zuwa Wuyan Kwanso: Yadda Harsashi Ya Kuɓuce Wa Maƙeran Damagaram

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 1899, a Tirmini, yamma da Zindar, birnin Damagaram, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa da suka ɓullo ta hanyar Tasawa. Ba ƙaramar runduna ba ce. Ita ce ta hana Gumel da Haɗeja barci shekara da shekaru, ita ce kuma a 1898 ta kutsa ƙasar Kano har aka gwabza a Gezawa da mutanen Sarkin Kano Alu. Amma a Tirmini ba a daɗe ana fafatawa ba aka watse. Faransawa suka shiga Birni, sarki ya fice, aka bi sawunsa har Rumji, aka kashe shi a tsakiyar watan Satumba.

In aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce bindigar Nasara ta fi tamu. Haka ne, amma amsar ta yi gajarta, domin tana sa mai sauraro ya zaci Damagarawa ba su san bindiga ba sai a ranar. Alhali a duk faɗin ƙasar Hausa da Barno, a ƙarni na 19, da wuya a sami birnin da ya kai Zindar sanin wuta da ƙarfe. A nan ake daka albarushi, a nan ake zuba harsashi, a nan aka narka tagulla aka yi igwa. Abin da ya gagari maƙeran birnin ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce na yatsa ba: kwanson tagulla mai ɗauke da albarushinsa a ciki da makunninsa a gindi, wanda aka matse bakinsa ya riƙe ƙwayar harsashi gam. A wannan ɗan wuyan kwanso ne ikon yin makami ya bar maƙera ya koma masana'antun ƙetare, kuma har yau bai dawo ba.

Sarkin da ya ƙi dogara da kasuwa

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. Tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yake da ƴan bindiga da Turkawa suka horar, kuma tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye masu bindiga a cikin masu tsaronsa. Duk da haka doki da mashi da kibiya su ne yaƙi. Bindiga tana da tsada, albarushi ya fi ta wuyar samu, barade kuma ba sa ganin mutuncin makamin da sai an sauka ƙasa an tsaya ana ɗura shi.

Damagaram ta faro ne a ƙarni na 18, ƴar ƙaramar sarauta mai kai gaisuwa Barno. A farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman, aka mai da fada Zindar, kuma wannan ƙaura ita ta buɗe mata arziki, domin garin yana zaune a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat da Abzin da Damargu, ya nufi Kano. Unguwar Zango ta zama masaukin Buzaye da Larabawa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka garin a watan Disamba na 1852, ya yi fiye da wata guda yana jiran kayansa daga arewa, ya kuma kira shi ƙofar ƙasar Sudan. Duk abin da zai gangara kudu daga Bahar Rum, ciki har da bindiga da dalma da farar wuta da tagulla, sai ya ratsa ta gaban sarkin Damagaram.

Tanimu ɗan Sulaiman shi ya gane abin da wannan ke nufi. Ya ɗanɗana sarauta a farkon shekarun 1840, aka fitar da shi, ya dawo a shekarun 1850, ya zauna har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa mai ƙofa bakwai. Bai tsaya ga sayen bindiga ba, domin ya san wanda ke jiran raƙumi ya kawo masa albarushi, ranar da aka tare hanya bindigarsa ta zama sanda. Sai ya sa aka riƙa haɗa albarushi a gida: gawayi na dajinmu ne, gishirin da ake bukata ana tace shi daga ƙasa, farar wuta ce ake jira daga arewa, ita kuwa kaɗan ke isa. Masana tarihi, ciki har da Joseph Smaldone da ya yi nazarin yaƙe-yaƙen daular Sakkwato, sun ambaci cewa Tanimu ya tara bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40, kuma a Zindar ake ƙera igwar da abin da take harbawa.

A tsaya a kan maganar igwa, domin sau da yawa ana faɗinta a wuce kamar ƙaramin abu. Masu zubin tukwane a kasuwanninmu sun san wahalar narka ƙarfen tukunya ɗaya a zuba shi ba tare da ya yi rami ba. Igwa tana bukatar narkakkiyar tagulla mai nauyin gaske, a zuba ta kusan lokaci guda kafin ta farko ta daskare, kuma in iska ta maƙale a cikin jikinta, ranar harbi ita za ta fashe ta kashe masu kula da ita. Mutanen da suka yi wannan da zuga-zugi na fata da gawayi, ba injin, ba ma'aunin zafi sai launin wuta da ido, gwanaye ne na ƙarshe. Littattafai sun riƙe sunan sarkin da ya ba da umarni, ba su riƙe na masu zubin ba, kuma wannan rashi ne babba.

Akwai kuma abin da bai kamata alfahari ya rufe ba. Ƴan bindigar Tanimu galibi bayinsa ne, mutanen da ba su da gata sai shi, kuma da su ya danne ƴan sarki da masu sarauta. Bindigogin da ke hannunsu da me aka saye su? Da gashin jimina da fatu da hauren giwa, da kuma mutane. A kai hari Muniyo ko ƙasashen Sosebaki ko ƙauyukan Gumel, a kamo mata da yara, a sayar wa ayari, a karɓi bindiga, a koma wani harin. Jikokin waɗanda aka kora arewa a ƙafa cikin rairayi suna da hakki a kan wannan tarihi daidai da jikokin waɗanda suka zauna a fada. Gwanintar maƙeran gaskiya ce, kukan waɗancan ƙauyuka ma gaskiya ne.

Labarin igwar Zindar ya kai Kukawa. Gustav Nachtigal, wanda ya isa fadar Shehu Umar a 1870, ya tarar ana zancen wannan bara na Barno da ya fara ɗaga kai. Cikin kyautar da Nachtigal ya kawo wa Shehu daga sarkin Prusiya akwai bindigogi masu allura, waɗanda ake sa wa harsashi ta gindi. Wato a daidai lokacin da Tanimu ke kammala mallakar tsohuwar fasaha, sabuwar ta riga ta tsallako Sahara a cikin akwatin kyauta.

Ɗuri

Don a gane abin da ya canja, sai an san yadda tsohuwar bindiga take aiki, irin wadda maharba ke kira adaka, samari kuma suke ce wa harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma ko ɓawo a danna da sandar ɗuri, a sa dalma, a sake tura wani tsumman don kada ta zubo in an karkata bakin ƙasa. Cikin bututun sumul yake, ba zane, kuma dalmar ba sai ta yi daidai da faɗinsa ba. Abin da ya rage na sarari tsumma ke cikewa. Shi ya sa take cin kusan komai: dalma in akwai, gutsattsarin ƙarfe in babu, har tsakuwa. Maharban giwa ma sukan sa mata sango, wanda Sarkin Kano Alu ya samu laƙabinsa daga gare shi.

Wannan sassauci shi ne ƙarfinta a hannun mutanenmu. Ƙanƙarar da ke ba ta wuta dutse ne. In kunama ta karye maƙeri zai yi wata da masaba da magagari, in ƙota ta tsage masassaƙi zai fafe sabuwa. Bindigogin da ake kawowa daga Birmingham da Liyej masu arha ne, amma da zarar sun shigo sun zama namu, domin ba abin da za su nema wanda gari ba zai iya ba su ba.

Duk tsohon maharbi ya san ka'ida ɗaya da ba a wasa da ita: kada a bar sarari tsakanin albarushi da dalma. In ɗuri bai zauna ba, ko dai harbin ya fita ba ƙarfi, ko bututun ya kumbura, ko ya tsage a hannun mai shi. Aikin tsumman nan shi ne ya riƙe dalma a wurinta har wuta ta kama sosai, ƙarfi ya taru a bayanta. Wannan aiki bai ɓace ba da zuwan harsashin zamani. Wuyan kwanso ne ya gaje shi.

Abin da ke cikin kwanso

Sauyin ya fara ne daga makunni. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hanyar tayar da wuta da sinadarin da ke fashewa in an buge shi, kuma cikin shekaru ashirin da suka biyo baya aka fara zuba shi a ƴar hular jan ƙarfe da ta maye gurbin ƙanƙara. Ba ta jin raɓa kamar ƙanƙara, ba ta cika ƙin tashi ba. Sai dai sinadarin aikin ɗakin gwaji ne, ba na maƙera ba. Daga nan dogaro ya soma. A 1866 Edward Boxer a Ingila da Hiram Berdan a Amurka kowa ya fito da nasa salon dasa makunni a tsakiyar gindin kwanson ƙarfe, kuma har yau salon mutanen nan biyu ne duniya ke bi. Faransa ta karɓi kwanson tagulla da bindigar Gras ta 1874, mai faɗin baki milimita 11. A 1884 Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 aka fito da Lebel mai milimita 8 don ta yi amfani da shi.

Kwanso ba zuba shi ake yi ba. Faifan tagulla ake turawa cikin jerin injuna, kowane ya ja shi ya ƙara masa tsawo, ana gasa shi tsakani don kada ya tsage, har ya zama ɗan kofi mai kaurin gindi da siririn wuya. In an harba, zafi da ƙarfi su buɗe shi ya manne da jikin bindiga ya hana wuta dawowa fuskar mai harbi, sannan ya ɗan koma don a iya zare shi. Amma ba ya komawa yadda yake. Wuyan ya saki, ƙwayar harsashi ba za ta sake zama a cikinsa ba sai an mai da shi girmansa na farko. Bambancin da ake nema tsakanin faɗin wuyan da faɗin ƙwayar bai wuce kaurin gashin kai ba, wajen kashi biyar cikin ɗari na milimita ɗaya. In ya gaza haka ƙwayar ta yi lako-lako, in ya zarce ta ƙwarzane ko kwanson ya lanƙwashe.

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashinsa, musamman Amurka, wannan sana'a ce mai dogon tarihi. Maharban ɓaunan Amurka na shekarun 1870, tsararrakin ƴan bindigar Tanimu, da dare sukan zauna bakin wuta su narka dalma su sake cika kwansunan da suka harba da rana. Daga baya kamfanoni irin su Lyman da RCBS da Lee suka riƙa sayar da ɗan injin hannu da bututun ƙarfe da aka rarake daidai da siffar kowane irin kwanso. Mataki na ƙarshe a aikin, wanda masu yi suka fi gardama a kansa, shi ne matse baki. Iri biyu ne sanannu. Akwai wanda ake naɗe leɓen kwanson ya shige cikin wani zobe da aka zana a jikin ƙwayar tun daga masana'anta. Akwai kuma wanda ake tsuke wuyan a hankali ya rungumi ƙwayar ba tare da an naɗe leɓen ba.

Me ya sa ake yi? Saboda harsashi ba ya zaune lafiya kafin a harba shi. Bindiga mai ƙarfi in ta tashi tana dukan sauran harsasan da ke jira a gidansu. Mai sarrafa kanta tana fizgar harsashi ta buga kansa a bakin ɗaki kafin ya shiga. In ƙwayar ta nutse cikin kwanso ko da kaɗan, wurin da albarushi zai ƙone ya ragu, ƙarfin matsi ya hau fiye da abin da aka gina bindigar ta ɗauka. In kuma ta zamo waje, sai ta cije ta hana bindiga aiki a lokacin da ake bukatarta. Masu harbin gasa da bindigar da ake ja da hannu da yawansu ba sa matsewa sam, sun ce riƙon wuya kaɗai ya isa, matsi kuwa yana iya ɓata siffar ƙwaya ya rage saiti, kuma ba ya fita daidai sai in duk kwansunan tsawonsu ɗaya. Maharban manyan namun daji da sojoji ba sa shiga wannan gardama. Su harsashin da zai sha jijjiga a bayan raƙumi ko mota ya tashi ranar da aka neme shi suke so.

Lebel misali ce mai kyau, tunda ita da Gras su ne makaman sojan Faransa a shekarun da aka ci Damagaram. Gidan harsasanta bututu ne a ƙarƙashin bakin bindiga, yana ɗaukar takwas a jere, kan wannan a gindin wancan, sifirin yana tura su daga gaba. Kowane harbi sai jerin ya dunguri juna. Ba don an ɗaure bakin kowane kwanso tamau ba, da na biyar ko na shida ya iso ɗaki ƙwayarsa a nutse. Har ma da aka koma ƙwaya mai tsini a 1898, sai da aka yi wa gindin kwanson wani kewayayyen rami da zai kama tsinin na baya don kada ya soki makunnin na gaba. Irin wannan lissafi ake yi a masana'antun Faransa, harsashi dubu bisa dubu kowane kamar ɗan'uwansa, a lokacin da ɗan bindigar Zindar ke auna albarushi da tafin hannu.

Waɗanda suka gwada

Kada a ɗauka maƙeran Afirka sun ga kwanso sun sunkuyar da kai. A yamma, Samori Ture ya tura mutanensa suka koyi aiki a wurin Faransawa, maƙeransa suka riƙa gyara bindigogin zamani har da kwaikwayon wasu, mayaƙansa kuma suna tsince kwansunan da aka harba a fagen fama a mayar a sake cikawa. Da haka ya yi ta jan Faransa har 1898 kafin a kama shi. A gabas, Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa, yana da masu haɗa albarushi da masu gyaran bindiga. Amma dukansu sun ci karo da bango ɗaya. Kwanso yana da iyakar sake ɗuri kafin wuyansa ya tsage, sabo kuma ba ya fitowa daga maƙera. Makunni dole a saya. Salon Berdan, wanda sojojin Turai suka fi bi, cire tsohon makunninsa ma aiki ne.

Turawa sun san inda igiyar take, suka ja ta. A Yulin 1890 suka sa hannu a yarjejeniyar Burasel, wadda da sunan yaƙi da cinikin bayi ta hana sayar da bindigogin zamani da harsasansu a Afirka daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa na 22 kudu, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Zindar tana wajen layi na 14. Bindigogi masu kwanso sun ci gaba da sulalowa ta Tarabulus, manyan attajiran Zango irin su Malam Yaro suna da hulɗa da arewa, amma abin da ke isowa bai kai ya ɗauki yaƙi ba. Bindigar zamani da harsashi talatin kayan fada ce, ba ta runduna ba.

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa da tafintansa a Zindar. Yana kan hanyarsa ce ta zuwa wurin Rabe, fada kuma ta ji tsoron kada Nasara da Rabe su haɗa kai a kanta. Bayan shekara guda ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya taso, ya bar gawawwaki da toka a Lugu da Birnin Ƙonni da garuruwan da ke tsakani. Sojojinsu da kansu suka kashe su a tsakiyar Yuli, ragowar hafsoshin, Pallier da Joalland da Meynier, suka ƙaraso Tirmini. Yawancin masu riƙe da bindigogin nan ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma. Ba jarunta suka fi Damagarawa ba. Mai adaka sai ya miƙe tsaye ya ɗura, in ya yi harbi biyu a minti ya yi ƙoƙari, kuma abin da ya wuce taku ɗari sai sa'a. Mai Gras yana durƙushe zai yi ninkin haka sau uku ko huɗu, ya kuma kayar da doki tun mahayinsa bai ga fuskarsa ba. Barade sun saba su jure harbin farko su afka kafin a sake ɗuri. A Tirmini wannan tazara ba ta samu ba.

Abin da ya rage

Faransawa suka gina barikinsu a kan duwatsu suka sa masa sunan Cazemajou, wanda bayan mulkin kai aka mai da shi sunan Tanimu. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Zindar ta riƙe hedikwatar Nijar daga 1911 zuwa 1926, aka ɗauke aka kai Yamai. A tsawon wannan lokaci riƙe bindiga ya koma sai da takarda, maƙera suka koma ga hauya da gatari da lauje, tarkacen ƙarfen Turai kuma ya kashe narkar da tama.

Adaka dai ba ta mutu ba. Tana fitowa ranar hawan salla, a cika ta da albarushi ba dalma, ƙararta ta tashi dawaki, hayaƙinta ya rufe ƙofar fada. Tana hannun maharba a ƙauyukan Mirya da Magarya da Gure, ana korar biri da gyado daga gona, ana neman zomo da zabon daji. Kusa da ita akwai bindigar tsuntsaye mai lamba 12, wadda harsashinta na roba ne da gindin ƙarfe, bakinsa a nannaɗe kamar tauraro. Wannan naɗin shi ne matsin bakin da maharbin Damagaram ya fi sani da ido. Da yake harsashin yana da tsada, a sassa da dama na Afirka ta Yamma akan sami masu buɗe tsohon kwanso su sake cika shi da hannu, kuma a nan ne haɗari yake. Albarushin gargajiya yana da haƙuri, in an ɗan zarce awo yawanci hayaƙi da naushi ne za su ƙaru. Marar hayaƙi ba ya yafiya. Wanda ya farke harsashin soja ya juye abin cikinsa a adaka, ko a bindigar da aka yi da bututun ruwa, ya ɗora wa ƙarfen nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kuma yatsu da idanu ne ke biya. Duk sarkin maharban da ke da faɗa a ji, wannan ce maganar da ya kamata ya fi nanata wa yaransa.

Dajin ma ba shi ne na da ba. Mariri ya ƙare a dajin Nijar. Jiminar da gashinta ya sayo bindigogin Tanimu yanzu a killace ake kiwonta a Kelle, cikin ƙasar Gure, don kada irinta ya ɓace. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara lokaci da izini da dabbobin da ba a taɓawa, a 2012 kuma aka keɓe Termit da Tin Tumma, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000 a lokacin. Ba adaka ce ta share waɗannan dabbobi ba. Fari ya yi nasa, sauran kuma aikin mota ne mai gudu a rairayi da bindiga mai aman wuta.

Ita wannan bindiga, Kalashnikov da danginta, ita ce ƙarshen hanyar da aka fara a Tirmini. Galibin harsasanta kwanson baƙin ƙarfe ne mai makunnin Berdan, an shafe shi da fenti, an matse bakinsa a masana'anta, an yi shi ne a harba sau ɗaya a yar. Ba maƙerin da ke da hannu a cikinsa. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, ƙasashen yankin suka sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a 2006, sai rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe tsohuwar hanyar arewa. Masu binciken makamai in sun je inda aka kai hari, kwansunan da ke zube a ƙasa suke tsincewa su karanta lambar da ke gindi, domin ita ke faɗin masana'anta da shekarar da aka yi shi. A ganina duk mai neman rage zubar da jini a wannan yanki, a kan harsashi ya kamata ya fi sa ido, tunda bindiga tana iya shekara arba'in tana aiki, harsashi kuwa kullum sai an kawo sabo daga waje. Kama tsohon maƙeri a ƙauye saboda ya gyara kunamar adaka ba zai taɓa wannan hanya ba.

Tsofaffin maƙeran nan kuwa, da masu daka albarushin salla, da zuriyar bayin sarki da suka gaji riƙon bindigar fada, su ne ragowar waɗanda ilimin zamanin Tanimu zai iya kasancewa a bakinsu. André Salifou, ɗan Zindar, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Roberta Dunbar ta yi nata binciken a kusan lokaci guda. Sun fi mai da hankali ga sarauta da ciniki da yaƙi, kuma sun yi abin da ya kamace su. Saura ɓangaren maƙera. Jami'ar Zindar, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Salifou, tana da ɗaliban tarihi da na kimiyya a gari ɗaya da waɗannan gidaje, cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO kuma tana Yamai. Aikin da ke jira a bayyane yake: a zauna da dattawan unguwannin maƙera a ɗauki muryarsu, a rubuta sunayen kakanninsu da unguwar da kowane ya yi aiki, a jera kalmomin sana'ar kafin su bi masu su, a auna tsofaffin bindigogin da ke ajiye a ɗakuna a ware wadda aka kawo daga Liyej da wadda aka yi a Birni, a kuma kai ɗan gutsuren ƙarfensu ɗakin gwaji a ga ko na tamar ƙasar nan ne ko na ayari.